Guguwa da Gashin Tasalla

Dalilin da ya sa gashinmu yake ƙanƙancewa da zarar ya ji ruwa, ba rashin tsiro ba ne, ke Ladidi, share hawayenki. Kin zauna kin wage baki wai an wanke miki kai gashi ya gudu. Ina zai je? Yana nan daram, wayo ne kawai ya yi. Ku matso ku ma, ke Azumi bar sosa kan nan haka kamar mai ƙwarƙwata. Kada kuma wata ta ce mini ba a tatsuniya da rana. Yadda kakata ta ba ni haka zan ba ku, in akwai ƙari a ciki, tana can da abinta.

A zamanin da, gashin mutane ba haka yake ba. A miƙe yake sambal kamar gemun masara, ba lanƙwasa ko ɗaya, in ya tsiro sai ya zubo ƙasa. Ba wanda ya san wani abu wai shi kitso. To amma a garin Tudun Kanya babu macen da gashinta ya taɓa sauka kafaɗa, kuma Guguwa ce sanadi.

Guguwa ai kun san ta, wannan da ke tasowa da tsakar rana tana juyi tana kwashe ganye da tsumma. Tun da take ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, kullum jiri na ɗibarta, har ta gaji. Sai ta ce bari ta tufka igiya ta ɗaure kanta a jikin kukar bakin kasuwa, ko ta samu ta huta. Ta tufka ta rama, ta tsinke. Ta tufka ta kaba, ta tsinke. Ran nan silin gashin wata mata ya naɗe a jikinta, ta yi juyi ta yi juyi, bai tsinke ba. Ai kuwa sai ta zarce wurin dattawan gari.

Ta ce, "Ga ciniki na kawo muku. Ba zan ƙara ɗage muku jinka ba, ba zan ƙara watsa muku hatsi a masussuka ba. Ni kuma duk gashin mace da ya wuce kunne, nawa ne. Kada a ɓoye mini shi, kada a sa masa aska."

Dattawa da yake kawunansu a aske suke ƙwal, ba su ga wata asara ba, suka ce sun yarda. Ko mace ɗaya ba a tambaya ba.

Tun daga nan, kowace ranar kasuwa mata sukan jeru a gindin kuka su cire kallabi. Magajiya Dudu, shugabar matan kasuwa, ita ke bi tana dubawa kada wata ta ɓuya. Guguwa kuwa ba yanka take yi ba, ina ta ga wuƙa? Naɗewa take ta fizge, wani har da saiwa. Mace ta tashi kai na zafi, wata har da jini.

Matan su ma sun yi nasu kuskuren. Sun ɗauka mataji ne ke sa gashi tsiro, kuma kowace tana so ta ga nata ya taɓa wuya ko da na yini ɗaya ne kafin a raba ta da shi. Sai taza da safe, taza da rana, taza da yamma, a bushe, ana ja ana miƙarwa. Wanda Guguwa ta bari, mataji ya kakkarya shi. Ga wahala ga rashin riba.

A garin akwai wata mata mai kaɗin zare, sunanta Kyallu. Ita kam ta sha fizga tun tana yarinya, har gefen goshinta biyu suka zama fili, ko ɗan tsiro ba sa yi. Kunyar wannan ta sa ba ta cire kallabi ko a gaban 'yarta. 'Yar kuwa ita kaɗai gare ta, sunanta Tasalla, ko famfara ba ta gama ba, ga gashi baƙi wuluk mai cika. Tasalla ta taɓa ganin ranar da aka fizge wa ƙawarta, tun daga ranar in kasuwa ta zagayo sai ta shige rumbu ta ƙi fitowa, ta ƙi cin abinci. Yarinya mai surutu kamar kanari ta koma shiru.

Wata safiya Kyallu tana wanke mata fuska, sai ta ga gashin ya sauko ya rufe kunne.

Tasalla ta ce, "Inna, ya wuce ko?"

Kyallu ta ce, "Bai wuce ba."

"Inna, ina jin sa yana taɓa mini wuya. Ni dai ki aske mini, don Allah, ki aske duka, ba na so."

Kyallu ta rungume ta, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, "Aska ba ta hawa kanki, Guguwa ma ba ta hawa. Muddin ina numfashi ba za ta tafi da ko sili ɗaya daga kan nan ba." Ta faɗa ne kawai, wallahi ba ta san ta inda za ta ɓullo ba.

Ana jibi kasuwa sai ga Magajiya Dudu ta yi sallama. Ta dubi kan yarinya sau ɗaya, ta ce, "Kyallu, jibi ki kawo ta."

Kyallu ta durƙusa ta ce, "Iya Magajiya, ki yi mini rai. A ɗauki nawa a bar nata."

Magajiya ta ce, "Naki wanne, 'yar nan?" Ba da mugunta ta faɗa ba, amma maganar ta soki Kyallu. Tsohuwa ta zame nata kallabin ta nuna mata, kan kamar an share tsakar gida. Ta ce, "Mu ma da iyayenmu aka yi mana. In kika ɓoye ta, jinkar garin nan duka sai ta tashi, ga hatsin mutane zube a masussuka. Za ki iya ɗaukar alhakin gari?"

Magajiya ta ɗaura kallabinta ta fita.

Abin duniya ya ishi Kyallu, ta ce bari ta yi kaɗi ko ta rage tunani. Da ma ta gama shafa wa fason ƙafarta man kaɗanya ke nan, ba ta wanke hannu ba. Ta ɗauki mazari ta murza, ya zame. Ta sake murzawa, ya sake zamewa. Ta ja tsaki ta ce, "Kai, yau har da kai?" Ta miƙa hannu za ta shafo alli don ya kashe santsin, sai ta tsaya cak. Ta dubi yatsunta suna ƙyalli, ta dubi kan Tasalla. Hannun da ya shekara yana kaɗi ya kasa riƙe mazari saboda ɗan mai, to ita Guguwa da ba ta da ko yatsu fa?

Washegari ta shiga bayan gari ta tsinko ganyen karkashi, ta jiƙa shi har ya saki yauƙi. Ranar kasuwa da safe ta zaunar da Tasalla tsakanin ƙafafunta, ta bi gashin da man kaɗanya tun daga tushe har baki, ta kwarara masa ruwan karkashi. Mataji ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗauki sauran man da karkashin a ƙwarya, ta ɗora tulun ruwa a ka, don in abin bai yi ba ta samu na wanke wa yarinya ciwo. Suka nufi kasuwa, Tasalla na riƙe da bakin zanenta.

Rana ta take, mata suka jeru. Can sai ga Guguwa ta taso daga gabas tana wuwwu, kaji na gudu, faifan masu awo na tashi. Ta tsaya tana juyi a gaban layi, ta ce, "A'a, sabon kai! Wannan zai yi mini kyau a tsakiyar igiya."

Ta sauka a kan Tasalla, ta naɗe ta fizga, gashi ya sulluɓe. Ta sake naɗewa ta fizga, ya sake sulluɓewa.

Ta dubi Kyallu ta ce, "Ke 'yar mutum, me kika shafa mata?"

Kyallu ta ce, "Mai ne, ranki ya daɗe. An ce kada a ɓoye, ga shi a fili. An ce kada a sa aska, ban sa ba. Ni dai ban ji an ambaci mai ba."

Wasu mata suka rufe baki suna ƙumshe dariya. Ai kuwa Guguwa ta harzuƙa. Ta ce in ba za ta kama shi a dunƙule ba, za ta bi shi sili-sili. Ta shiga juyi a kan yarinya, juyin da ba a taɓa ganin irinsa ba, tana kama kowane sili tana murɗawa, yana zamewa, tana ƙara murɗawa. Ƙura ta tashi har ba a ganin kukar. Tasalla ta ƙwalla ihu, "Inna! Inna!" Kyallu ta duba sai ta ga ƙafafun 'yarta sun bar ƙasa.

Wayyo! Wannan kam ba ta yi tunaninsa ba. Ta zo ceton gashi, ga shi za a tafi mata da 'yar ɗungurungum. Ba ta tsaya shawara ba, ta suri tulu ta faɗa cikin ƙurar nan, ta cafko ƙafar Tasalla da hannu ɗaya, ta juye ruwan duka a kansu. Guguwa kuwa ba abin da ta tsana kamar ruwa, ai kun ga ba ta yawo in damina ta zauna. Ta saki yarinya ta ja da baya tana atishawa.

Ƙura ta lafa. Kasuwa ta yi tsit, kowa ya zuba wa kan Tasalla ido. Gashin nan da ya rufe kunne babu shi. Ya tattare ya koma sama, ya dunƙule ƙanana-ƙanana, kunnuwa biyu a waje.

Tasalla ta shafa kanta ta ce, "Inna, ta tafi da shi?"

Kyallu ma haka ta zata, ta ce a ranta shi ke nan, na yi wa 'yata ƙarya. Ta kai hannu ta kama ɗan sili ɗaya ta ja a hankali. Sai ya biyo ta, ya yi ta biyo ta har ya wuce kunne ya taɓa wuya. Ta saki, ya koma tsaf inda yake. Nan take ta gane. Duk mai kaɗi ta san zaren da aka cika wa murɗi, in an sake shi sai ya nannaɗe a kan kansa, ya yi kamar gajere alhali ko kaɗan bai ragu ba. Guguwa da kanta ta kaɗa gashin, ruwa kuma ya zaunar da murɗin. Kyallu ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Ta ce wa Guguwa, "Ranki ya daɗe, bisimilla, zo ki auna. Ga kai ga kunne."

Guguwa ta ce, "Ƙarya kike! Da idona na ga kin ja shi ya wuce."

"Ni na ja shi. Ke da dattawa ba ku ce wanda aka ja ba, cewa kuka yi wanda ya wuce. Iya Magajiya, ke ce mai dubawa, ki duba."

Magajiya Dudu ta tako a hankali. Ta duba kunnen dama, ta duba na hagu, ta daɗe tana dubawa kamar mai zaɓen tsakuwa a shinkafa. Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Bai wuce ba!"

Guguwa ta ce, "To na ji. Sauran fa?" Ta juyo kan layi.

Ashe tun ana gardamar nan ƙwaryar Kyallu ke yawo daga hannu zuwa hannu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa. Masu sayar da man kaɗanya suka buɗe tukwanensu suka ce kowa ta ɗiba. Guguwa ta hau wannan kai ya zame, ta hau wancan ya zame, ta haukace ta shiga murɗa duk abin da ta samu. Mazan da suka zo kallo ma ba su tsira ba, har gemunsu ta bi. Kyallu na ihu, "Ruwa! Ku zuba ruwa!" Aka fasa randunan kasuwa. Wata da ta rasa ruwa, kunun da take sayarwa ta juye a ka, ta ce gara kunu da fizga. Kafin a ce me, duk kan da ke kasuwar nan ya nannaɗe ya tsaya sama da kunne. Magajiya Dudu, tsohuwar da ba a taɓa jin guɗarta ba, ita ta fara rangaɗawa, mata suka amsa har ana ji a ƙauyukan gefe.

Guguwa ta tsaya nesa tana haki, a jiƙe, ko sili ɗaya ba ta samu ba. Jinka kuma ba dama ta taɓa, tunda ba a karya mata alkawari ba. Ta ce, "Kun ci yau. Amma ku ji da kyau. Duk ranar da na samu gashi a sake, a miƙe, a bushe, sai na karya bakinsa na tafi da shi. Wanda ya zube ƙasa kuma nawa ne."

Kyallu ta ce, "Mun ji, ranki ya daɗe. A sauka lafiya."

Da suka koma gida, Kyallu ta yi tunanin maganar nan. Ta zaunar da Tasalla tun kan da sauran danshi, ta ƙara masa mai, ta warware shi da yatsu daga baki zuwa tushe, ba ja ba fizga. Ta tsaga shi da tsinke, ta riƙa ɗaukar kashi uku tana saƙawa kwance a jikin kai, ta cusa bakin ciki yadda iska ba za ta same shi ba. Wannan shi ne kitso na farko a duniya. Ta ɗaura mata ɗan kallabi ta ce, "Tashi ki je wasa."

Mata suka cika gidan suna tambaya. Wata ta ce, "To yanzu sau nawa za mu riƙa tajewa a yini?"

Kyallu ta ce, "Ku bar shi."

"Mu bar shi kamar yaya?"

"Ku bar shi kawai. In ya yi dauɗa ku wanke, ku shafa mai tun bai bushe ba, ku kitse. Kada a ja da ƙarfi, ciwon kai ba ado ba ne. In za ku kwanta ku ɗaura kallabi. In fatar kai ta bushe ku bi tsaga da ɗan mai. Sai kitso ya tsufa sannan ku tsefe. Mataji kuma ya huta, ya yi aikin da ya ishe shi."

Wata ta taɓe baki ta ce wannan ai lalaci ne. Magajiya ta ce, "Ke da kike da himma, nuna mana abin da himmarki ta tara miki." Aka bushe da dariya, mai magana ta ja kallabi ta rufe goshi.

Haka aka yi ta yi. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka. Tasalla ta daina shiga rumbu, surutunta ya dawo har uwar na cewa ta yi mata shiru. Wata rana Kyallu ta tsefe mata kai a ɗaki, ta wanke, gashi ya tattare ya yi kamar bai san an yi wata damina ba. Ta kama sili ɗaya ta ƙeya ta ja. Ya wuce wuya, ya wuce kafaɗa, sai da ya kai tsakiyar baya. Ta saki, ya koma. Tasalla ta yi tsalle tana ƙyalƙyala dariya tana cewa, "Ƙara, Inna, ƙara!"

Ana cikin haka, yarinya da sauran mai a hannunta ta ce, "Kawo in shafa miki ke ma." Kafin Kyallu ta kare, ta zame mata kallabi. Kyallu ta sa hannu biyu ta rufe goshi don kunya, ta ce, "Ke, ba ni abina!"

Tasalla ta janye mata hannun, ta ƙura ido, ta shafa wurin da ɗan yatsa. Ta ce, "Inna, naki ma ya dawo."

Kyallu ta ce, "Kada ki yi mini wasa da wannan."

"Wallahi Inna, taɓa ki ji."

Ta taɓa. A filin nan da ya shekara da shekaru ba tsiro, ga wani gashi mai laushi kamar na ɗan tsako, ya fito ya nannaɗe abinsa. Tun da aka daina fizga aka daina taza, ya samu sararin fitowa, ita ba ta ma sani ba don ba ta dubawa. Daɗi ya kama ta, ta yi kuka ta yi dariya. Sannan ta fito tsakar gida ba kallabi, da rana tsaka, ta zauna a ƙasa ta ce, "Zo ki yi mini kitso." Tasalla ta yi mata wani kitso karkatacce, wannan ya dubi gabas wancan ya dubi kudu. Kyallu ta ƙi yarda a tsefe shi sai da ya tsufa don kansa.

Shi ya sa har yau gashinmu da ya ji ruwa sai ya tattare ya haye sama da kunne, yana ɓoye wa Guguwa tsawonsa. Wadda ta bar shi a kitse da ɗan mai takan same shi, wadda ta dame shi da taza kuma tana ta tara wa Guguwa. In kun ga tsohuwa ta dunƙule gashin tsifa ta cusa a tsagar katanga, Guguwa take yi wa rowa. Ita kuwa Guguwa igiyarta ba ta ƙaru ba, tana nan tana juyi, ta koma tsintar leda da tsumma a bakin kasuwa.

To ke Ladidi, juyo nan. Ba ni sili ɗaya. Kin gani? Ina ya kai? Au, yanzu kuma dariya kike, ɗazu wa ke kuka? Miƙo mini man nan ki zauna in kitse miki tun bai bushe ba, ga wata 'yar iska can ta fara kaɗa ganye a ƙofar gida.